Tambayoyinku: Yadda Ake Ɗaukar Alamomin Awo a Muƙamuƙin Biri

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo kusan duk a kan aiki ɗaya suke, wato ɗaukar lambobin wuri na alamomi a muƙamuƙin ƙasa na birai, don a kwatanta siffar wani da ta wani. Mun taƙaita tambayoyin, amsoshin kuwa mun bar kowace ta ci gwargwadon nauyinta.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu. Malamina ya ce in ajiye kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu, in koma ɗaukar alamomi a muƙamuƙan bika guda 24 da ke sashenmu. Mene ne bambancin, kuma waɗanne wurare zan ɗauka? (Wata ɗaliba, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kalifa tazara tsakanin wuri biyu kawai take ba ki. In kin auna tsawo da faɗi da tsayi, kin sami lambobi uku da ba su san juna ba, kuma ba za ki iya mayar da su hoton ƙashin ba. Alama kuwa ɗigo ne a jikin ƙashi wanda kike rubuta mazauninsa da lambobi uku, x da y da z. Ɗigo 28 suna riƙe da tazara 378 a tsakaninsu lokaci guda, har da yadda ƙashin ya lanƙwasa.

Sharaɗin ɗaya ne, kuma a kansa aikin yake tsaye: ɗigo na bakwai a ƙashin farko ya zama wuri ɗaya a halitta da ɗigo na bakwai a duk sauran. A 1991 Fred Bookstein ya kasa alamomi gida uku. Na farko inda sassa suka haɗu, ko wata 'yar kafa da jijiya ke bi. Na biyu tsinin wani ƙaho ko can ƙasan wani kwari. Na uku wanda sai an jingina shi da wani abu, kamar a ce wurin da ya fi ko'ina ƙasa, ko ya fi ko'ina faɗi. Na farko ya fi aminci, na uku ya fi zamewa. Abin da ke ba da wuya a muƙamuƙi shi ne ba shi da ɗinke-ɗinken da ƙoƙon kai yake da su, saboda haka alamomin gida na farko ba su wuce bakin ramukan haƙora da kafofi biyu ba.

Ga tsarin da muke ganin ya ishe ki. A layin tsakiya ki ɗauki huɗu: infiradentale, wato bakin ƙashi tsakanin haƙoran gaba biyu na tsakiya, takwaransa ta gefen harshe, natiyon, wurin da ya fi ƙasa a mahaɗar gaba, sai ƙarshen 'yar kantar ƙashin nan da birai ke da ita a ƙasan mahaɗar ta ciki. A kowane gefe kuma sha biyu. Biyar a bakin ramukan haƙora ta waje: tsakanin haƙorin gaba na biyu da fiƙa, tsakanin fiƙa da ƙaramin turmi na farko, gaban babban turmi na farko, tsakanin babban turmi na biyu da na uku, da bayan na uku. Sai kafar jijiya ta waje da ke ƙasan ƙananan turame, da kafar jijiya ta ciki da ke jikin reshe, wato sashen muƙamuƙi da ke miƙewa sama ta baya. Sai koroniyon, tsinin ƙahon da tsokar tauna ke kamawa. Ƙasan kwarin da ke bayansa. Gefen waje da gefen ciki na dunƙulen gaɓa. Da goniyon, kusurwar muƙamuƙi. Huɗu da 24, sun zama 28.

Kada ki kwafo jerin daga littafin jikin ɗan Adam ki ɗora wa bika kai tsaye. Akwai alama a can da ake kira fogoniyon, tsinin haɓa, alhali haɓa mai tsini ta mutum ce shi kaɗai. Ta bika baya ta kwanta. Haka kafar jijiya ta waje: a mutum yawanci ɗaya ce a kowane gefe, a birai sau da yawa za ki tarar da biyu ko uku. Ki yanke hukunci tun yau, mafi girma za ki ɗauka ko ta gaba, tsakiyarta ko bakinta na gaba. Tsinin fiƙa ma ki bar shi. Yana cinyewa da shekaru, yana karyewa, kuma lissafin da za a yi daga baya yana yayyafa bambancin ɗigo ɗaya mai yawan motsi a kan sauran duka.

Kafin ki taɓa na'ura, ki rubuta ma'anar kowace alama a jimla guda, da lambarta, da hoton da kika ɗiga ta a kai. Gwajin ma'ana mai kyau shi ne ki miƙa wa abokiyar karatunki takardar da ƙashin, ki yi shiru, ki ga ko yatsanta zai sauka inda naki ke sauka.

Tambaya: Sashenmu ya sami MicroScribe, na'urar nan mai hannu mai gaɓoɓi da tsinke a baki da ke rubuta x da y da z na duk wurin da aka taɓa, amma babu wanda ya taɓa aiki da ita. Dole ne kowane ƙashi ya zauna a wuri ɗaya da fuskanta ɗaya? (Mai kula da ɗakin gwaji, Kano)

Amsa: Malam, ba dole ba ne, kuma wannan ne sauƙin hanyar. Bayan an gama ɗauka, manhaja kamar MorphoJ ko geomorph tana yin abin da ake kira daidaiton Furokrastis. Sunan na wani ɗan fashi ne a tatsuniyar Girkawa, wanda ke ja ko datse baƙinsa har su yi daidai da gadonsa. Manhajar tana nemo cibiyar ɗigogin kowane ƙashi ta ɗora su wuri guda, ta mayar da girmansu ɗaya, sannan ta jujjuya su har tazarar alamomin da suka dace ta ragu iyakar raguwa. Matsawa ta ci lamba uku, juyawa uku, girma ɗaya. Shi ya sa alamomi 28 ke ba da lambobi 84, amma na siffa zalla 77 ne.

Abin da yake dole shi ne kada ƙashin ko gindin na'urar ya motsa daga ɗigon farko zuwa na ƙarshe. Ka sami tebur mai nauyi wanda ba ya rawa, ka ɗaure gindin da maƙala. Kafin komai ka mayar da tsinken gurbinsa ka danna maɓallin gida, domin daga nan na'urar ke fara ƙirga kusurwoyin gaɓoɓinta. In aka tsallake wannan, lambobi za su fito, amma karkatattu. Ka duba awon a milimita yake ba inci ba. Sannan ka gwada ta da rula: ka taɓa layin 0 da na 100, ka ga ko tazarar ta fito milimita 100.

Ƙashin ka ɗaga shi a kan ginshiƙai uku na yumɓun roba wanda ba ya bushewa, ɗaya kusa da gaba, biyu ƙarƙashin gangar kowane gefe, wato sashen da ke ɗauke da haƙora, ta yadda tsinke zai iya shiga ƙasa ya taɓa natiyon da goniyon ba tare da an juya shi ba. Yumɓun yana da maiƙo da ke ɓata ƙashi, don haka ka sa 'yar leda tsakani. Gidajen adana kayan tarihi da yawa ba sa yarda sai da haka. In wuri yana da zafi yumɓun yana laushi, ƙashin ya riƙa nutsewa a hankali ba ka sani ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ɗakin da babu sanyi a watan Afrilu.

Ka yi amfani da abin takawa na ƙafa, hannu ɗaya a tsinke, ɗaya yana tallafe gwiwar na'urar. Taɓawa ake yi, ba dannawa ba. Bakin ramin haƙori siriri ne, yana ɓarewa. Ka bi jerin lamba ɗaya kullum. Da ka gama na 28, ka koma ka sake taɓa na farko. In bambancin ya kai rabin milimita, wani abu ya motsa, ka share ka sake daga farko. Kada ka ce za ka gyara rabi.

In tilas ta sa sai an juya ƙashin, to kafin nan ka liƙa 'yan guntayen tef huɗu ko biyar masu ɗigon fensir, a warwatse, ba a kan layi ɗaya ba, waɗanda tsinke zai kai gare su a zaman biyu. Ka ɗauke su a kowane zama, da su za a ɗinke rabi da rabi. Uku ne mafi ƙaranci, amma da uku ba kullum za ka gane in ɗaya ya kauce ba.

MicroScribe samfurin G2X kuskurensa a takarda milimita 0.23 ne. Hannun mutum a goniyon yakan zarce haka nesa ba kusa ba. Saboda haka in sakamako ya lalace, kada a fara da zargin na'ura.

Tambaya: Ba mu da irin wannan na'ura, ba mu da kuɗinta. Kyamara da waya kawai gare ni. In haƙura? (Wani ɗalibi, Bauchi)

Amsa: A'a, ɗan'uwa, hanya biyu ke gabanka. Ta farko hoto mai fuska biyu, inda kowace alama ke da x da y kawai. Ka gina fayil da tpsUtil, ka ɗiga alamomin da tpsDig2. Duka na F. James Rohlf ne, kuma kyauta ne. Amma ka sani muƙamuƙi ba shimfiɗaɗɗen abu ba ne. Reshensa yana buɗewa waje, gabansa yana lanƙwasawa ciki, don haka in ka ɗan karkata shi, siffarsa a hoto ta canja, ko da ƙashin bai canja ba. A nan, saɓanin abin da muka gaya wa Malamin Kano, zaman kowane ƙashi dole ya zama iri ɗaya.

Ka kafa kyamara a kan ƙafa uku, ka daidaita ta da ma'aunin ruwa irin na magina, ka ja ta baya kamar mita ɗaya ko fiye, ka jawo hoton da gilashin kyamarar. Gilashin waya mai faɗin gani yana kumbura tsakiya yana lanƙwasa gefe. Ka ɗauki hoton takardar giraf ka gani da idonka, in layukan gefe sun yi baka, to ƙashin ya tsaya a tsakiyar hoto kawai. Rula kuma ka ɗaga ta ta yi tsayi ɗaya da fuskar ƙashin da kake ɗauka. In ka bar ta a kan tebur alhali ƙashin ya fi kusa da kyamara, duk girman da ka lissafa zai fito sama da gaskiya. Alamomin gefen da ke kallonka kaɗai za ka ɗauka. Ka ɗauki hoton wasu ƙasusuwan sau biyu, kana ɗagawa kana sake ajiyewa, don ka san nawa ne kuskuren ajiyewa.

Ta biyu, wadda muka fi so, ita ce gina siffar 3D daga hotuna. Ka ɗora ƙashin a faifai mai juyawa, hoto ɗaya duk digiri 10, wato 36 a zagaye. Ka yi zagaye uku daga tsayi daban-daban, 108 ke nan, sannan ka kifa shi ka maimaita. Haske ya zama mai laushi, ba filasha, domin haƙora suna ƙyalli kuma manhaja ba ta gane wuri mai ƙyalli. Meshroom kyauta ce, Agisoft Metashape ta kuɗi ce. Siffar da za ta fito ba ta san milimita ba, sai ka gaya mata: ka auna tazara biyu da kalifa, ka saita da ɗaya, ka tabbatar da ɗayar. Ɗiga alamomin kuma a 3D Slicer tare da SlicerMorph, su ma kyauta. Ka lura da kafofin jijiya, manhaja takan toshe su ta shafe bakinsu, sai ka koma ga ainihin hoton ka tabbatar.

Akwai kuma MorphoSource, rumbun intanet na Jami'ar Duke a Amurka, inda ake samun sikanin ƙasusuwan birai da dama, wasu kai tsaye, wasu sai ka nemi izini. Sai dai in za ka gauraya nasu na CT, wato hoton X-ray mai fuska uku, da naka na hoto, ka fara auna 'yan ƙasusuwa ta hanyoyin biyu in da hali, kada bambancin na'ura ya fito maka da kamar bambancin nau'in biri.

Tambaya: Na gama ɗauka lafiya, amma manhaja ta ƙi buɗe fayil ɗin. Da abokina ya buɗe a tasa kwamfutar, ƙashi biyu suka fito can gefe su kaɗai. (Wani malami, Maraɗi)

Amsa: Malam, tunda daga Nijar kake, mun fi zargin waƙafi. Kwamfutar da aka saita da Faransanci tana rubuta 12,45 inda ta Ingilishi ke rubuta 12.45, kuma MicroScribe tana zuba lambobinta ne cikin Excel yadda kwamfutar ta saba. Manhajojin awon siffa ɗigo suke jira. In fayil ɗin irin wanda waƙafi ke raba gidajensa ne, sai lamba ɗaya ta tsage biyu. Ka canja saitin zuwa ɗigo tun kafin ɗauka. Masu karatunmu na Kamaru da Chadi su ma su duba wannan.

In ba shi ba ne, ka buɗe fayil ɗin TPS, wato wanda ke ɗauke da lambobin alamomin, a manhajar rubutu zalla. Layin farko na kowane ƙashi LM3=28 ne in 3D ne, LM=28 in hoto ne, kuma layukan lambobin da ke bin sa su cika 28 cif. Layi ɗaya ya ɓace ko ya ƙaru, komai ya rushe. In hoto ne ka tabbata kowane yana da layin SCALE, mai nuna ma'aunin hoton.

Ƙasusuwan biyu da suka ware kuwa, kafin ka yi murnar gano sabon abu, ka duba hannunka. Galibi musanya ce: an taɓa gefen ciki na dunƙulen gaɓa kafin na waje, ko ƙafa ta taka sau biyu duk jerin ya zame da ɗaya. MorphoJ tana da shafin neman waɗanda suka fita zakka, geomorph kuma tana da plotOutliers. Musanya tana fitowa a matsayin dogayen layuka biyu masu nuna juna. Ka haɗa ɗigogin da layi kamar zanen ƙashi, duk inda layuka suka giciye, nan ɓarnar take.

Masu aiki da 3D Slicer su san wani abu guda: akwai tsarin lambobi biyu, RAS da LPS, kuma bambancinsu juya alamar x da y ne. Juya biyu tare daidai yake da juya ƙashin rabin zagaye, Furokrastis zai gyara shi, sai dai ɗigogin ba za su zauna a jikin siffar ba in ka buɗe ta a wata manhajar. Juya ɗaya kaɗai shi ne mai haɗari, domin ya mayar da dama hagu.

Tambaya: Ta yaya zan san hannuna ya zauna? Mai duba aikina ya ce sai na nuna kuskuren awo. (Wata ɗaliba, Jos)

Amsa: Gaskiyarsa, Malama, kuma mu da za a bi tamu, ba za a karɓi aikin da babu wannan ba. Ƙasusuwa 10 zuwa 15 na farko ki ɗauke su a matsayin koyo, ki zubar da lambobinsu. Bayan nan ki zaɓi 10, manya da ƙanana, maza da mata, ki auna kowane sau uku a ranaku daban-daban. Kowane karo ki cire shi daga yumɓu ki sake kafawa, ki hautsina jerin, kada ki leƙa na jiya. Ki sa su a Furokrastis ANOVA, lissafin da ke raba bambanci gida-gida, wadda MorphoJ ke yi. Abin da kike nema shi ne bambancin ƙashi da ƙashi ya rinjayi bambancin awo da awo da nisa. In kin lissafa maimaituwa ta fito ƙasa da 0.9, mu dai shawararmu ki koma kan ma'anonin alamominki. A zanen PCA kuma, wato lissafin da ke taƙaita bambancin siffa a 'yan layuka, ukun kowane ƙashi su dunƙule wuri guda.

Wannan gwajin yana gaya miki akwai kuskure, amma ba ya nuna miki mai laifin sosai, don Furokrastis yana raba kuskuren ɗigo ɗaya ga kowa. Don kama shi, ki kafa ƙashi ɗaya, ki zagaya alamomin sau biyar ba tare da ya motsa ba, ki duba warwatsuwar kowane ɗigo a milimita tun kafin daidaitawa. Kusan kullum goniyon ne zai fito a gaba, domin kusurwar muƙamuƙin biri zagayayya ce, babu tsinin da ido zai kama. Ma'anarsa ta littafi ita ce a ja layi a ƙasan ganga, a ja wani a bayan reshe, a raba kusurwar da suka yi biyu, inda layin rabon ya taɓa ƙashi nan ne. Da wuya hannu ya yi haka daidai a kowane ƙashi.

Mafita ita ce rabin-alamomi. Ki bi gefen ƙashin daga bayan dunƙulen gaɓa, ki zagayo kusurwa, har zuwa natiyon, kina ɗiga ɗigogi da yawa. Manhaja za ta mayar da su adadi ɗaya a kowane ƙashi, a ce 15, a tazara daidai, sannan ta bar su su zame a kan layin har su dace da na sauran. Zamewar iri biyu ce, ta rage ƙarfin lanƙwasa ko ta rage tazarar Furokrastis, kuma sakamakonsu ba ya zama ɗaya sak, don haka ki rubuta wadda kika bi. Farkon layin da ƙarshensa dole su zama tabbatattun alamomi.

Abu na ƙarshe, kada ki auna maza duka a makon farko, mata a na ƙarshe. Hannu yana canjawa da sabo, sai canjin ya shiga sakamako da rigar bambancin namiji da mace. Haka in ku biyu ne, kada ɗaya ta ɗauki bika ɗaya ta ɗauki jan biri.

Tambaya: Wasu ƙasusuwan sun karye a gefe ɗaya. In sa sifili a gurbin? Ko in ɗauki gefen hagu kawai a duka? (Wani ɗalibi, Sakkwato)

Amsa: Sifili kam a'a. Manhaja za ta ɗauka wuri ne na gaske, ta ja ɗigon can asalin lambobi. Ka rubuta NA, wato babu, ko alamar da manhajarka ta sani. Wasu suna sa lamba mai ragi kamar -999. Ka yi hattara da umarnin da ke mayar da duk lamba mai ragi ɓatacciya, domin a 3D lambobi masu ragi na gaske suna da yawa.

In gefe ɗaya ne ya karye, madubi ya fi: a haska lafiyayyen gefen ta layin tsakiya a cike gurbin. Wannan yana buƙatar alamomin tsakiya aƙalla uku da ba su jeru a layi ɗaya ba, shi ya sa muka ba da huɗu. In gefen biyu suka rasa wuri ɗaya, geomorph tana da estimate.missing, mai kintace daga sauran ƙasusuwa. Ɗigo ɗaya ko biyu ba laifi. In ɓarnar ta kai kashi ɗaya cikin biyar, mu cire ƙashin za mu yi. Haka tsohon birin da haƙoransa suka zube tun yana raye: ramin ya cike, bakin ƙashin ya janye, alamar ba ta nan ko da ido ya ga kamar wurinta.

Gefe ɗaya kawai yana rage aiki, amma daidaitawar rabin muƙamuƙi ba ta zama ɗaya da ta cikakke, faɗin baka ne ke shan wahala. In lokaci ya ƙure, ka ɗauki gefe ɗaya da layin tsakiya, ka haska shi ya cika, ka daidaita, sannan ka yi nazari.

Tambaya: Ina so in kwatanta biran Afirka da na Kudancin Amurka da na Madagaska. Jeri ɗaya zai yi? (Wani mai bincike, Kaduna)

Amsa: Sai an yi masa aski, Malam. Biran Afirka da Asiya, da manyan nan irin su gorila da cimfanzi, suna da haƙoran gaba biyu, fiƙa ɗaya, ƙananan turame biyu da manya uku a kowane gefe. Na Kudancin Amurka ƙananan turamensu uku ne. Wanda ke bin fiƙa a bika P3 ne, a kafucin na Kudancin Amurka kuwa P2 ne, don haka "ƙaramin turmi na farko" ba haƙori ɗaya ba ne a wurinsu. Mamoset da tamarin kuma manyan turamensu biyu ne, babu na uku, saboda haka "bayan haƙorin ƙarshe" ya tashi daga zama alama ɗaya. Ka riƙe abin da kowa ke da shi: bayan fiƙa, gaban babban turmi na farko, bayan na biyu.

Lemur na Madagaska da galago na nan Afirka kuwa, mahaɗar gabansu ba ta narke ta zama ƙashi ɗaya ba. Bayan an wanke ƙashin rabi da rabi sukan rabu, ko ka tarar wani ya manne su da gam a kusurwar da ya ga dama. Faɗin da za ka auna na mai gam ne, ba na dabbar ba. In suna cikin bincikenka, rabin muƙamuƙi za ka auna a kowa da kowa, har da bika.

Tambaya: Na yi PCA, layin farko ya raba maza da mata sarai. CVA kuma, lissafin da ke neman raba rukunan da aka ba shi, ta raba garuruwan da aka samo ƙasusuwan ba ko kuskure ɗaya. In rubuta haka? Sannan zan iya ƙara adadi da kawunan birai da ake sayarwa a kasuwa? (Wata ɗaliba, Maiduguri)

Amsa: Dakata tukuna, 'yar'uwa. Furokrastis yana cire girma, amma ba ya cire siffar da girma ke jawowa. Namijin bika yakan kusa ninka mace a nauyi, kuma a dangin bika duk wanda ya fi girma bakinsa ya fi tsawo. Ga kuma ƙaramin turmin P3 na namiji, wanda ya miƙe ya zama mawashin fiƙar sama, yana jan alamomin kusa da shi. Ki lissafa girman cibiya, wato a ninka tazarar kowane ɗigo daga cibiya da kanta, a tara, a ɗauki tushen murabba'in jimlar. Manhaja tana ba ki shi. Ki jingina siffa a kan logaridim ɗinsa, sannan ki duba ko maza da mata suna kan layi ɗaya ko layinsu daban. Ki tabbata kuma duka baligai ne, babban turmi na uku ya gama fitowa, kuma ki ware na gidan zu daga na daji, domin abinci mai laushi da zaman keji suna taɓa ginin muƙamuƙi.

Rabuwar CVA ba abin murna ba ce in lambobin siffarki sun fi ƙasusuwanki yawa. A misali, da lambobi 77 da ƙashi 24, za ta raba miki rukuni ko da kuri'a kika kasa su. Ki gwada da kanki: ki hautsina sunayen garuruwan ki sake. Ki rage zuwa 'yan layukan PCA na farko, kuma ki kawo sakamakon gwajin da ake cire ƙashi ɗaya a tambayi sauran ina ya dace.

Na kasuwa kuwa ki bar su. Ba ki san dajin da suka fito ba, ƙyafewa da wuta tana tsattsaga ƙashi tana murɗa shi, ɗanyen nama a jiki yana iya ɗauke da cuta, kuma saye yana ƙara wa mafarauta ƙaimi. Duk birai suna cikin jerin yarjejeniyar CITES, ƙetare iyaka da ƙashinsu sai da takarda, ɗauko shi daga Yankari ko Gashaka Gumti ma sai da izinin hukumar wurin. In adadi kike nema, ki rubuta wa gidajen adana kayan halitta, irin na Landan, na Tervuren a Beljiyam, Smithsonian a Washinton, ko Powell-Cotton a Ingila mai tarin birai daga Kamaru, ki tambayi ko suna da sikani. A layin ID na kowane ƙashi ki sa lambar rajistarsa ta gidan, nau'in birin, namiji ko mace, da lambar maimaici, ba tare da tazara a tsakani ba, don MorphoJ ta iya yanko rukunan daga sunan kai tsaye.